Ki Karɓa ko Ƙi Karɓa

Zuwa ga Gwaggona,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Yesu. Ina fata kina lafiya, ke da masu jegonki da jariran da ba sa barin ungozoma ta runtsa. Yaya rawar hannun nan, ta yi sauƙi? Mu nan lafiya lau. Gwiwar Mama ce dai ke ta ciwo, kullum tana cewa ta warke, kullum sai an kama ta kafin ta tashi daga tabarma. Shago yana tafiya, sai dai keken ɗinkina ya koyi tsinka zare in aiki ya yi yawa. Da kunnenki yana shiri da waya da tuni na kira ki na amayar da abin da ke cikina. Tunda ba ya yi, ki gyara zama.

Gwaggo, an ci mini mutunci, kuma a cikin majami'a aka ci shi.

Kin san an yi sujadar tunawa da Baba, shekara guda da rasuwarsa. Na tsara masa waƙa da kaina. A kan keke na tsara ta, ina takawa ina rerawa, wani baitin sai na tsaya na share ido kafin in ga bakin allura. Na koya wa ƙungiyar mawaƙa, kowa ya san ni zan bayar su amsa, kamar yadda aka saba. Ana gobe sujada muna gwaji, na kai baiti na biyu, sai ƙawarki Uwar Mawaƙa, shugabarmu, ta ɗaga hannu aka yi tsit. Ta dube ni daga sama har ƙasa, ta ce muryata ta danne ta kowa, wai ba Ubangiji nake yi wa waƙa ba, masu kallo nake yi wa. Ta ce in koma layin baya in koyi tawali'u. Waƙar ubana kuma ta miƙa wa 'yar mai kantin magani, yarinyar da in ta ja murya sai ki ɗauka ƙyauren da bai ga mai ba ne ake turawa.

A gaban kowa fa, har da mai kaɗa ganga, wanda bakinsa bai taɓa riƙe magana ta kwana ba. Ranar sujada na tsaya can baya jikin tagar nan da gilashinta ya fashe, ina ji ana yanka waƙar Baba da wuƙa marar kaifi. Mama tana ta waiwaye tana nemana a gaba, ba ta gan ni ba. Wannan waiwayen na Mama shi ne ba zan taɓa yafewa ba.

Na san za ki ce ita ta koya mini waƙa, a cinyarta na koyi buɗe baki. Gaskiya ne, shi ya sa abin ya fi ciwo. Ta ce in koyi tawali'u, to na sha alwashi zan koya, zan koye shi har sai ya tsaya mata a wuya.

Yanzu na ji Fasto yana shirin sasanta mu a gaban ikkilisiya ranar Jibin Ubangiji mai zuwa, ranar da ake raba gurasa da ƙoƙo, don ya ce ba a zuwa teburin nan da gaba a ciki. Ke kaɗai kika rage mini a dangin Baba, maganarki ita ce tasa. In ta miƙo mini hannu a gaban mutane, me zan yi? Ki ba direban motar da ke kai muku magani amsa in zai dawo.

'Yarki, wadda kika sa wa Barkono.

* * *

Barkono 'yata,

Na gaishe ki, na gaida Mamanki da gwiwarta mai taurin kai irin nata. Ki ce mata ta riƙa gasa ta da ruwan ɗumi, ta daina yi wa mutane ƙaryar ta warke. Ni lafiyata ƙalau, sai hannun nan da ke ta rawa ba a kaɗa masa ganga ba. Tabarauna ma ƙafarsa ɗaya ta karye, da zare na ɗaure. In kin ga rubutun kamar kaji sun yi tono ki yi haƙuri, alƙalamin ne ke zuwa inda ya ga dama.

Takardarki ta same ni tsakanin naƙuda biyu, a tsaye na karanta ta. Na yi dariyar ƙyauren da bai ga mai ba, da na zo kan waiwayen Mamanki kuwa dariyar ta tsaya. Raina ya ɓaci ƙwarai. Ƙawata ba ta kyauta ba, ko kusa. Gyara a gefe ake yin sa, ba a gaban mai ganga ba. Tun muna 'yan mata harshenta ke riga hankalinta fita, ni ma na sha ɗanɗana shi. Kuma waƙar ɗan'uwana ce, ke ya kamata ki bayar.

Ga direba can yana ta danna mini hon, ga shi ana kirana wai kan jariri ya taho, don haka ga amsarki a gajarce: in ta miƙo miki hannu, ki karɓa. Sauran magana sai na samu zama.

Gwaggonki.

* * *

Gwaggo ta kaina,

Ina gaisuwa, ina kuma godiya har ƙasa. Muna lafiya. Mama tana gasa gwiwa, ta ce in gaya miki ke ma ki daina yi wa mutane ƙaryar ba ki tsufa ba.

Da zan buɗe takardarki na ɗauka wa'azi za ki yi mini. Sai ga shi ƙuru-ƙuru can wajen ƙarshe: in ta miƙo miki hannu, ƙi karɓa. Na kai takardar bakin ƙofa inda haske yake na sake dubawa, ƙugiyar tana nan a kan harafin, ta lanƙwaso kamar ta masunta. Na ce ashe jinin Baba bai ƙare ba. Na ninke ta na adana a durowar keke.

Bari in ba ki labarin makarantar tawali'un da na shiga. Kullum ni ce farkon zuwa majami'a da tsintsiya. Na goge bencuna, na wanke tagogi, na kwashe rigunan mawaƙa duka na ɗinke inda suka yage, tata rigar har guga na yi mata na kai mata gida da kaina. In na gamu da ita sai in durƙusa har gwiwata ta taɓa ƙasa, in daɗe ban tashi ba, musamman in akwai mutane. Ki ga fuskarta kamar ta haɗiyi ƙaya. Ba a jima ba mata suka fara tambayar juna, yarinya mai ladabi haka aka wulaƙanta? Ni kuwa sai in sunkuyar da kai in ce ai ba komai, laifina ne. Kowace "ba komai" da na faɗa sai da ta rage mata wani abu a idon mutane.

Ranar Jibin Ubangiji, bayan wa'azi, Fasto ya kira mu gaba. Ni na riga ta isa. Ita daga can kujerarta ta taso tana jan ƙafa, majami'a ta yi tsit har ana jin takalminta. Ga tebur an rufe gurasa da ƙoƙo da farin ƙyalle. Ta tsaya gabana ta ce, "'Yata, a gaban mutane na yi miki ba daidai ba, ga ni a gaban mutane. Ki yafe mini." Ta miƙo hannun dama.

Na tuna da layinki. Na haɗe hannuwana a ƙirji, na sunkuyar da kai, na yi ƙasa da murya daidai yadda na layin baya ma za su ji, na ce, "Wace ni da taɓa hannunki, Mama? Ai ban gama koyon tawali'un ba tukuna."

Gwaggo, da kin ga hannun nan. Ya tsaya a iska shi kaɗai, ta rasa ta mayar, ta rasa ta bari. Fasto ya yi gyaran murya. Can ta sauke shi a hankali, ta juya ta koma. Da aka zo raba gurasa ta bari aka wuce ta, ni kuwa na ɗauka na ci. Rabona da barci mai daɗi irin na ranar tun kafin rasuwar Baba. Na rama, kuma ban faɗi kalma ɗaya da za a kama ni da ita ba.

'Yarki Barkono, wadda yau ta ci sunanta.

* * *

Gwaggo,

Gaisuwa. Shiru dai? Direba ya zo ya koma, ya sake zuwa, ba takarda. Ya ce an tura ki wani ƙaramin asibiti can ciki inda motarsa ba ta zuwa. Ina fata lafiya. Mu ma lafiya, in ban da Mama da ta daina yi mini magana sai ta dole. Tun ranar nan in na kawo mata ruwan gashi sai ta karɓa ta kau da kai.

Uwar Mawaƙa ba ta sake taka majami'a ba. Ta aika wa dattawa ta ajiye aikin, suka dawo da ni gaba. Na ba da waƙa Lahadin da ta wuce, murya ta fita tas, sai dai amshin ya yi sanyi kamar ana jan mutane da igiya. Su suka sani. Waɗanda suka riƙa yaba ladabina su ne yanzu in na shigo suke sauya magana.

Akwai wani labari, gara ki ji daga bakina. Uwar Mawaƙa ta faɗi a banɗaki, ɓarin jikinta na dama ya shanye. Bakinta ya karkace, hannun ba ya motsi. Eh, wannan hannun. Mai ganga har ya fara yawo da maganar wai baƙin ciki ne ya kayar da ita. Ƙarya yake. Hawan jini take da shi tun ban san kaina ba, kowa ya sani. Ni na ce ta ci mini mutunci? Da ta tsayar da ni jikin fasasshiyar taga, wa ya yi yawo da nawa baƙin cikin? Ban je dubiya ba, ba kuma zan je ba. Fasto ya zo shago ya zauna ya yi ta kewaye-kewaye, na ba shi ruwa na ci gaba da taka kekena.

Abu ɗaya ne ke damuna, shi ma ƙarami. In na ɗaga hannu zan ba mawaƙa alamar su shigo, sai in ga nata. Zai wuce. Ni dai abin da babba ta ce in yi na yi, takardarki kuma tana nan a durowa in wani ya nemi shaida. Ki rubuto ki ce na yi daidai, Gwaggo. Daga bakinki nake so in ji.

'Yarki.

* * *

Ke Barkono,

Gaisuwar a taƙaice, don raina a ɓace yake. Ina lafiya. Na dawo na tarar da takardunki biyu suna jirana, ina karanta ta farko sai na zauna a gadon masu haihuwa.

Ki karɓa na rubuta. Ki, ke, 'yar ɗan'uwana, ki karɓi hannun. Ban sa wa harafin nan ƙugiya ba. In kin ga wata lanƙwasa, hannuna ne ya yi rawarsa, kuma tun a saman takardar na gaya miki yana yi. Amma bar batun hannuna. A ce ma da gangan na lanƙwasa ta, ke ba ki san ni ba? Ni da na yi miki wankan farko? Yaushe kika taɓa jin na ce a bar hannun tsohuwa a rataye a gaban teburin Ubangiji? Kin kai takarda bakin ƙofa kin duba a haske, amma ba ki kai wa Mamanki da ke gida ɗaya da ke ta duba miki ba, don kin san abin da za ta karanto. Ƙugiyar nan tana tare da ke tun kafin takardata ta iso, wurin rataya ta kawai kike nema. Kada ki kuskura ki sake kirana shaida.

Ban janye maganata ba, ƙawata ta yi miki laifi. Amma kin san wuyar da ta sha kafin ta taso daga kujerarta ta ratsa majami'a, mace mai jikoki, ta roƙi yarinyar da ta goya? Na san ta, gara a cire mata haƙori ba allura da ta ce a yi haƙuri. Ranar nan a cikinku mutum ɗaya ce ta ƙasƙantar da kanta, kuma ba mai tsintsiyar ba ce. Yesu da ya durƙusa ya wanke ƙafafun mabiyansa bai waiga ya ga ko ana kallo ba. Ke kuwa kin mai da durƙuso sanda. Gurasar da kika ɗauka kika ci, ban san yadda ta wuce miki ba.

Ciwonta ba ke kika sa mata ba, wannan aikina ne na sani, kada mai ganga ya ruɗe ki. Amma hannun yana nan inda kika bar shi. Ga amsata da manyan baƙaƙe, sai da na danne hannun da ɗayan kafin na rubuta, kuma na zaɓi kalmar da ko kin rataya mata ƙugiya ba za ta ba ki ma'ana ba. Ki kai bakin ƙofa ki duba da kyau: KI JE.

Gwaggonki, wadda har yanzu take son ki, shi ya sa.

* * *

Gwaggo,

Ina gaisuwa. Muna lafiya, Mama ta fara taka gwiwar har bakin titi.

Takardarki ta ƙona ni. Na yi kwanaki ina rubuta miki amsa a zuci, masu zafi, har da cewa ki sayi sabon tabarau kafin ki ƙara hallaka wani. Na ciro tsohuwar takardar na kai wa Mama don ta tsaya mini. Ta riƙe ta nesa da ido ta karanta, ta ce "ki karɓa" ne, ta miƙo mini. Sai ta ce ai ga irin lanƙwasar nan a kan "kaji" da kan "karye" ma, me ya hana ni karanta su da ƙugiya? Na duba, haka ne. Duk wani k da ke takardar nan da 'yar lanƙwasarsa, guda ɗaya kawai na gani.

Na je gidan Uwar Mawaƙa, amma kada ki ɗauka tuba ce ta kai ni. Haushinki ne ya kai ni, na ce bari in je in fita hakkinki. Har rigar zuwa sujada na sa, na bi ta babban titi don a gan ni. Ba wanda ya gan ni, rana ta take, kowa yana ɗaki. Babbar 'yarta ce ta buɗe ƙofa, ta dube ni ta ce me na zo ƙarasawa. Ta bar ni tsaye a baranda har ƙafata ta gaji, sannan aka yi magana daga ciki ta kauce.

Ɗakin warin man zafi yake yi. An jawo gadon kusa da taga, ga kujerar roba, ga bokiti a ƙarƙashi, rigar mawaƙan da na goge mata tana rataye a ƙusa ba a taɓa ta ba. Ta rame, Gwaggo. Na shirya maganganu a hanya, masu kyau, irin waɗanda in an maimaita su za a yaba mini. Ina ganinta duk suka gudu. Na zo zan durƙusa sai ta ce wani abu, bakin a karkace, ban gane ba sai da ta sake. Cewa ta yi, "Tashi. Ba kowa a nan."

Ban taɓa jin kunya irin wannan ba. Na zauna a bakin gado, na kai hannu zan kama na hagu, mai lafiyar, sai ta janye shi ta tura ƙarƙashin bargo. Ta nuna mini ɗayan da haɓa, yana kwance a kan zanin gado kamar ba nata ba.

"Wancan na ba ki," in ji ta.

Na ɗauka. Nauyi gare shi, ga sanyi, yatsun sun lanƙwashe. Na riƙe na matsa, ina jira ya matsa nawa ko kaɗan. Bai matsa ba, ba kuma zai matsa ba. Ranar da yake iyawa na ƙi shi. Nan kuka ya ƙwace mini, mummunan kuka mai majina, ba irin na gaban majami'a ba. Na ce ta yafe mini. Ba ta ce ta yafe ba, ba ta ce ba ta yafe ba. Sai ta ce in yi mata waƙar Baba, wai 'yar mai kantin maganin nan ta kashe ta ranar, tun a baitin farko ta sani. Na fara. Ina baiti na biyu ta bugi gado da hannun hagu ta ce, "Sassauta." Haushi ya taso mini har wuya, kamar in ajiye hannun in fita. Na haɗiye, na sassauta. Ashe waƙar ta fi daɗi a haka, abin da ya ƙara ba ni haushi ke nan.

Yanzu in na rufe shago ina biyawa ta ƙofar baya, in shafa mata mai a hannun in miƙe yatsun yadda likita ya nuna wa 'yarta. 'Yar har yau ba ta amsa gaisuwata. Na gaya wa dattawa su nemi wani mai ba da waƙa kafin in ga yadda zan yi da kaina. Jibin Ubangiji na gaba Fasto zai kawo mata gida, ta ce in zo in riƙe mata ƙoƙon, tunda hannu ɗaya ba ya iyawa. Ban gaya wa kowa ina zuwa ba sai ke, kuma ina rubutawa ina jin wani abu a cikina ya kasa kunne yana jira ki ce madalla. Kada ki ce.

In za ki amsa, ki ci gaba da manyan baƙaƙen nan. Ba hannunki nake tsoro ba, idona ne har yanzu ban yarda da shi ba.

'Yarki.